Ƙarin Ruwa Ba Abinci Ba Ne, Mu Daina Yaudarar Kanmu



Maganar da zan yi yau ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman 'yan uwanmu masu kemis da masu yawon allura gida-gida. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a unguwanninmu, daga Agege zuwa Mile 12, daga Idi-Araba zuwa Alaba Rago. Da zarar mutum ya kwana biyu bai ci abinci ba, ko yaro ya rame, ko tsohuwa ta daina karɓar kunu, sai ka ji an ce: "A kira mai kemis ya sa masa ruwa, ya samu abinci a jiki." A rataya leda a ƙusar bango, a zauna ana kallon ruwa yana ɗiga, hankalin kowa ya kwanta wai majinyaci yana cin abinci ta jijiya.

Ba ya cin komai. Mu ne kawai muke kwantar wa kanmu da hankali, shi kuwa yunwa tana ci gaba da cinsa, cutar da ta kwantar da shi tana ƙara samun wuri.

Ciyar da mutum ta jijiya gaskiya ne, akwai shi a duniya, kuma ya ceci rayukan jarirai da manya masu yawa. Sai dai wancan daban, wannan da ake yi mana a bayan kanta daban. Rashin bambance su yana cinye mana kuɗi, yana kuma cinye mana mutane.

ME KE CIKIN LEDAR?

Duk wanda yake da shakka ya ɗauki ledar ya karanta abin da aka rubuta a jikinta. Iri biyu aka fi sa wa mutanenmu. Ɗaya ruwan gishiri ce zalla, giram 9 na gishiri a kowace lita, babu kalori ko ɗaya a ciki. Ɗayar kuma ruwan sukari ce mai kashi 5 cikin 100. Leda mai rabin lita tana ɗauke da giram 25 na sukari, wato kamar cokalin shayi shida. Ƙarfinta bai wuce kalori 100 ba. Kwalbar lemo guda ta fi ta sukari.

To mu yi lissafi. Babban mutum mai nauyin kilo 60, yana kwance bai ɗaga ko tsinke ba, yana buƙatar wajen kalori 1,500 a rana. In da wannan ledar za a ciyar da shi, sai an ɗura masa leda 15 kullum, lita bakwai da rabi ke nan. Kafin a kai nan huhunsa ya cika da ruwa. Ko da ma ya jure, sukari kaɗai ya samu. Babu furotin da ke gina tsoka da haɗe rauni, babu mai, babu sauran sinadaran da jiki ba ya yi sai da su. Kofi ɗaya na kunun gyaɗa da madara ya fi ledar nan amfani nesa ba kusa ba.

Sai kuma wadda ake kira "mai kala". Za ka ji mutum yana cewa shi fa mai ruwan ɗorawa yake so, ita ce mai ƙarfi. Allurar bitamin B ce aka fasa aka zuba a ciki, ita ta rina ruwan. Launi ne ya canza, abinci bai ƙaru ba. Haka ƙaramar kwalbar nan da ake cewa ta gina jiki ce, wadda ake tsawwala wa kuɗi. Kwalba ɗaya a rana ɗaya ba ta mayar wa mutum naman da ya yi wata guda yana zubewa.

Kada a fahimce ni a baibai. Ƙarin ruwa magani ne babba a wurinsa. Wanda kwalara ta zuƙe, kamar yadda muka gani a nan Legas a 2024, da mace mai zubar jini bayan haihuwa, da wanda ya yi hatsari, da mai aman da ko ruwa ba ya zama a cikinsa, waɗannan ƙarin ruwa yana tsayar da su da izinin Allah. Aikinsa mayar da ruwa da gishirin da jiki ya rasa, da zama hanyar shigar da magani. Ciyarwa ba ta cikin aikinsa.

MENE NE ABINCIN JIJIYA NA GASKIYA?

Shi na gaskiyar haɗi ne da ake yi wa mutum gwargwadon nauyinsa da sakamakon gwajin jininsa. A ciki akwai sukari mai kauri sosai, da sinadaran furotin da aka riga aka warware, da mai da aka sarrafa ya zama fari kamar madara, da gishirin jiki irin su fotashiyam da fosfet da kalsiyam, da bitamin kala-kala, da ƙananan sinadarai irin su zink. Saboda kaurinsa, jijiyar hannu ba ta daɗewa tana ɗaukarsa, ƙonewa take yi. Don haka galibi sai likita ya zura siririyar roba ta wuya ko ta ƙasan ƙashin kafaɗa ko ta hannu, har bakinta ya kai babbar jijiyar da ke shiga zuciya, inda jini ke gudu da yawa yana tsarma shi nan take. Na'ura ce ke auna ɗigarsa awa bayan awa. Ana haɗa shi ne a wuri mai tsananin tsafta. A kwanakin farko kusan kullum ana ɗibar jini ana dubawa.

Abin bai ma daɗe a duniya ba. A ƙasar Suwidin wani masani mai suna Arvid Wretlind ya samar da man da za a iya sa wa mutum a jijiya ba tare da ya cutar da shi ba, daga man waken suya da gwaiduwar ƙwai, aka fara amfani da shi a farkon shekarun 1960. A Amurka kuma wani likitan tiyata, Stanley Dudrick, a Jami'ar Fensilbaniya, ya nuna cewa 'yan kwikwiyo za su iya girma daidai da 'yan uwansu ba tare da sun ci komai ta baki ba. A 1967 aka gwada wa wata jaririya a birnin Filadelfiya wadda aka haifa kusan babu ƙaramin hanji. Ta yi nauyi, ta girma, ta rayu wata 22. Kafin wannan lokacin irinta kwanaki kaɗan suke yi.

Wa ake yi wa? Wanda hanjinsa ya daina aiki, ko babu halin a yi amfani da shi. Bakwaini ƙarami sosai, wanda bai kai kilo ɗaya da rabi ba, hanjinsa bai ƙosa ya karɓi isasshen nono ba. Jaririn da aka haifa hanjinsa a waje ta wata kafa a gefen cibiya. Jaririn da aka haifa hanjinsa a toshe, ko wanda wani sashe na hanjinsa ya ruɓe aka yanke. A manya da yara masu wayo, akwai wanda taifod ta huda wa hanji, aka yi tiyata, ɗinkin ya buɗe abinci yana yoyo ta fatar ciki. Mu da muke shan ruwan da ba mu san asalinsa ba, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Akwai wanda hanjinsa ya murɗe aka yanke mafi yawansa, akwai wanda harbi ko hatsari ya lalata wa ciki. Ga waɗannan, abincin jijiya shi ne gadar da za su taka har hanji ya warke. A ƙasashen da suka ci gaba akwai mutanen da suke rayuwa shekara da shekaru a gidajensu da shi, suna jona shi da dare, da safe su tafi aiki.

Don a san girman bambancin da kayan aiki ke kawowa: a 2021 mujallar likitoci ta Lancet ta fitar da wani bincike da aka yi a ƙasashe 74 kan jariran da aka haifa da tawayar hanji. A cikin masu hanji a waje, a ƙasashe masu arziki ƙasa da 2 cikin 100 suka rasu. A ƙasashe masu matsakaicin ƙarfi kusan 32 cikin 100. Cuta ɗaya ce, jarirai iri ɗaya. Bambancin yana wajen saurin kai jariri asibiti, da kulawa, da samun abincin jijiya a makonnin da hanjin yake koyon aiki.

KO NA GASKIYAR MA YANA DA HAƊARI

Wanda ya ji wannan zai iya cewa to ai sai a riƙa sa wa kowane majinyaci na gaskiyar, in da kuɗi. A'a. Likitocin da suka fi kowa sanin abin su ne suka fi kowa taka-tsantsan da shi.

Robar da ta shiga kusa da zuciya ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta, ruwan kuma mai sukari ne, abincinsu ke nan. Kuskure kaɗan wajen tsafta sai cuta ta shiga jini. A 2011 a jihar Alabama ta Amurka, abincin jijiya da ya gurɓace wajen haɗawa ya sa wa majinyata 19 cuta a jini, 9 daga cikinsu suka rasu. A Amurka ke nan fa, inda ake da ɗakunan haɗa magani na musamman. To ina ga ɗakin da kaji ke shiga, ga fanka tana kaɗa ƙura? Bayan wannan akwai daskarewar jini a jijiya, da hauhawar sukari, da lalacewar hanta ga wanda ya daɗe a kai, musamman jarirai.

Akwai kuma wani haɗari da ya kamata kowane mai jinya ya sani. Mutumin da ya daɗe da yunwa, in aka antaya masa sukari da yawa lokaci guda, sinadarin fosfet da fotashiyam na jininsa suna faɗuwa warwas, zuciya ta rikice, numfashi ya gagara. An sha rasa mutane ta wannan hanyar, ana ganin gata ake yi musu. Shi ya sa a asibiti ake farawa da kaɗan-kaɗan, a ba da bitamin B1 tukuna, ana yi ana gwada jini. Mai kemis ba shi da na'urar wannan gwajin, bai ma san ana yi ba.

Manyan bincike sun ƙara nuna cewa gaggawa ba ta da amfani. A 2011 likitoci a ƙasar Beljiyam sun gwada a kan manya 4,640 da ke ɗakin kulawa ta musamman. Rabi aka fara musu abincin jijiya cikin kwana biyu, rabi aka jinkirta har kwana na takwas ana lallaɓa hanji da abin da zai iya ɗauka. Waɗanda aka jinkirta wa sun fi saurin murmurewa, kuma ba su kamu da sababbin cututtuka kamar na farkon ba. A 2016 aka maimaita a kan yara 1,440 a Beljiyam da Holan da Kanada. Waɗanda aka gaggauta wa, kashi 18.5 cikin 100 sun kamu da sabuwar cuta. Waɗanda aka jinkirta wa mako guda, kashi 10.7. Wannan bai shafi ƙananan bakwaini ba, su tun ranar farko ake fara musu, haka wanda ya riga ya rame ƙwarai likita ba ya jira da shi. A 2014 kuma wani bincike a Ingila kan majinyata kusan 2,400 ya nuna cewa in an yi shi bisa ƙa'ida, yawan mace-mace bai bambanta ba tsakanin waɗanda aka ciyar ta jijiya da waɗanda aka ciyar ta roba zuwa ciki. Ma'ana shi ba guba ba ne, kuma bai fi hanji ba, ga shi ya fi tsada nesa.

Ƙa'idar da likitoci suka tsaya a kai ita ce: matuƙar hanji yana aiki, ta nan za a ciyar. Hanjin da aka bari babu abinci shi ma ramewa yake yi, bangonsa ya yi rauni. Ko bakwainin da ke kan abincin jijiya, ana ɗiga masa nonon uwarsa kaɗan-kaɗan, domin nonon uwa yana kare hanjinsa daga ruɓewa.

ROBAR HANCI DA MUKE GUDU

A nan ne abin ya fi ba ni takaici. Mu da muke rububin leda, mu ne kuma muke tsalle mu dire in likita ya ce za a sa wa majinyaci robar abinci ta hanci. Sai ka ji ana raɗa a baranda: "Ai in aka sa wa mutum robar nan shi ke nan, sai dai a yi haƙuri." Wasu har cire ta suke yi da dare in nas ta juya baya.

Galibi ba robar ce ke kashe su ba. Ana sa ta ne ga wanda ciwo ya riga ya yi wa nauyi, shi ya sa muke haɗa ta da mutuwa. Dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta hana shi haɗiya, hanjinsa lafiya lau yake. In aka ɗura masa kunu ta baki da ƙarfi, kunun huhu zai tafi ya zama ciwon da zai kai shi. In aka bar shi da ledar ruwa, yunwa ta gama da shi a hankali. Robar ita ce za ta kai masa madara da kunun gyaɗa da ƙwai da miyar da aka niƙa har cikinsa, da kuɗin da bai kai na ledojin da muke saya ba. Mun ƙi abinci na gaskiya saboda ba ma son ganin roba a hanci, mun rungumi ruwan gishiri saboda a hannu yake.

YARANMU SU SUKA FI SHAN WAHALA

Iyaye mata, ku saurara da kyau. Yaron da tamowa ta kama, ya rame ko ya kumbura, zuciyarsa ta yi rauni. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sa masa ruwa ta jijiya sai in ya kai halin da jini ya daina zagawa yadda ya kamata, shi ma a asibiti, ana ƙirga numfashinsa da bugun zuciyarsa. Leda guda da aka sake wa irin wannan yaro tana iya tsayar masa da zuciya. Maganinsa ta baki yake: madara ta musamman da ake kira F-75 a kwanakin farko, daga baya abincin tamowa na gyaɗa da ke cikin 'yar leda, wanda guda ɗaya ke ɗauke da kalori 500. Ku kwatanta da kalori 100 na ledar ruwa.

Ba masu tamowa kaɗai ba. A 2011 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a asibitocin Uganda da Kenya da Tanzaniya kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri, fiye da 10 cikin 100 sun rasu cikin kwana biyu. Waɗanda ba a yi wa haka ba, kusan 7 cikin 100. Likitocin da kansu ba su zaci haka ba. In ruwan da ƙwararru suka auna zai iya yin wannan, me za mu ce game da wanda yaron shago ya buɗe ya tafi sallamar masu sayen Panadol?

Yaro mai gudawa kuwa, matuƙar yana iya sha, ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14 su ne magani, a ci gaba da ba shi nono da abinci. In ya kasa sha, ko idanunsa sun faɗa, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, asibiti za a nufa a wannan sa'ar.

AMSA GA MASU CEWA...

Na san abin da za a rubuta a ƙasa. Wani zai ce: "Ni an sa mini, kuma na ji ƙarfi." Ban ƙaryata ka ba. Ɗan dako ko ɗan acaba da ya yini a rana bai sha ruwa ba, aka kwantar da shi awa uku, aka mayar masa da ruwan jikinsa, aka zuba maganin ciwon jiki a ledar, dole ya ji daɗi. Da ya sha ruwa lita biyu ya ci tuwo ya yi barci, da haka zai ji, kuɗinsa na aljihunsa. Matsalar ita ce ranar da kasalar ba ta gajiya ba ce. In ciwon sukari ne, ledar sukari wuta za ta ƙara. In hawan jini ne ko ciwon ƙoda ko na zuciya, ledar gishiri huhu za ta cika. In tarin fuka ne ko ciwon daji, kowane mako da aka ɓata ana rataya leda, cutar ce aka ba.

Wani zai ce: "Asibiti tsada, ga layi, ga wulaƙanci, ga ba ma jin yarensu." Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa kwana a barandar asibiti ya sani. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun majinyaci yake fita. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya, har yau gwamnatin tarayya ba ta cika ba. Abincin jijiya na gaskiya daga waje ake shigo da kayansa, talaka ba ya iya ɗaukar nauyinsa na makonni. Laifin hukuma yana nan, kuma za mu ci gaba da faɗa. Amma tsadar asibiti ba ta mayar da ruwan gishiri abinci. Sau nawa muka ga an ƙarar da kuɗi a kemis, sai da mutum ya galabaita aka kai shi asibiti hannu wofi? Araha ba ta ado.

Ga 'yan uwanmu masu kemis, ba gaba nake yi da ku ba. Da yawanku kuna taimakon jama'a, kuna ba da bashi, kuna tashi tsakar dare. Amma ku kun fi kowa sanin cewa lasisin da hukumar kula da harkar magunguna ta ba mai shagon magani na sayar da ƙananan magunguna ne, bai haɗa da allura ko ƙarin ruwa ba. In mutum ya zo ya ce a sa masa ruwa don ba ya cin abinci, ku gaya masa gaskiya ku tura shi gaba. Ribar leda ɗaya ba ta kai ran mutum ba, kuma akwai ranar da za a tambaye ku.

Sai masu cewa "a kai shi gida." Mutum yana kwance bayan tiyatar hanji, ana ciyar da shi ta jijiya ko ta roba, sai dangi su taru su sa hannu a takarda, a cire komai, a sa shi a mota zuwa Arewa, tafiyar yini da kwana. Wanda ba ya iya ci ta baki, me zai ci a hanya? In dole ne a koma, a nemi likita ya rubuta takardar mayarwa zuwa wani asibitin koyarwa a can, a tabbatar sun san da zuwansa, a tsara yadda za a yi tafiyar. Akwai ƙwararru a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Amma a cire mutum daga kulawa a kai shi ɗaki a kira mai allura, wannan sallama ce.

Akwai kuma lokacin da ciwo ya kai ƙarshe, kamar dajin da ya bazu, jiki da kansa ya daina karɓar abinci. A nan ko abincin jijiya na gaskiya ba ya ƙara kwana, yawan ruwa ma kumburi da wahalar numfashi yake ƙarawa. In likita ya faɗa muku haka, kada ku ga kamar kun yi wa mahaifinku rowa. A jiƙa masa leɓe, a ba shi abin da ransa yake so ko cokali ɗaya ne, a nema masa maganin raɗaɗi, a zauna kusa da shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Surutu ba ya isa. Ga abin da nake roƙon mu yi.

Na farko, duk mai jinya ya koyi tambaya. In an rataya wa naka leda, ka tambayi nas ko likita cikin ladabi: wannan ruwan na mene ne? Kwana nawa ke nan bai ci abinci ba? Hanjinsa yana aiki? In yana aiki, yaushe za a fara ba shi ta baki ko ta roba? In ba ya aiki, mene ne shirin ciyar da shi? Majinyacin da ya doshi mako guda ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwan leda, wajibi ne a yi wannan maganar. Tambaya haƙƙinka ce.

Na biyu, mata masu ciki su riƙa zuwa awo, a yi hoton ciki. Sau da yawa ana gane jariri mai hanji a waje tun kafin haihuwa, sai a shirya a haife shi inda akwai likitocin tiyatar yara. In kuwa an haife shi a gida, kada a shafa masa komai, kada a yi ƙoƙarin tura hanjin ciki. A rufe hanjin da leda mai tsafta, a lulluɓe jaririn kada ya yi sanyi, a nufi babban asibiti kai tsaye. Muna da asibitin koyarwa a Idi-Araba, muna da wani a Ikeja.

Na uku, matasanmu masu jin Turanci da Yarbanci, da 'ya'yanmu da suka karanci aikin jinya, su ba da sunayensu a ofishin ƙungiya, domin a samu masu raka marasa lafiya su yi musu tafinta. Rabin tsoron asibiti rashin fahimtar abin da ake faɗa ne.

Na huɗu, zan gabatar wa shugabanni da shawarar a buɗe asusu na musamman don masu tiyatar hanji da bakwaini, kowane mamba ya riƙa sa wani abu duk wata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu sai abu ya faru muke bin masallatai da kwali, kafin kuɗin su taru an makara. Mu kuma bincika tsarin inshorar lafiya, tunda dokar 2022 ta wajabta shi a kan kowane ɗan ƙasa, mu ga yadda za mu shiga a ƙungiyance da abin da yake ɗauka da wanda ba ya ɗauka. Kuɗin da muke zubarwa a ledojin da ba mu buƙata, in aka tara su, za su riƙe wani jariri na makonnin da hanjinsa yake buƙata.

Na biyar, limamanmu da sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin mata su taimaka su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba sa karatu a waya. Magana ɗaya bayan sallar Juma'a ta fi rubutu goma irin wannan isa.

Rai da ajali a hannun Allah suke, babu mai jayayya. Amma an umarce mu da neman magani, kuma neman magani ya haɗa da sanin abin da ake sa wa naka a jiki. Duk wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, ya ɗauki ledar ya kai wa likitan da ya yarda da shi ya tambaye shi kalori nawa ke ciki, sannan ya dawo mu tattauna a taron wata.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Waɗanda suka riga mu Allah Ya jiƙansu. Ku tura wa 'yan uwa.

Sakataren Ƙungiya